Daga jifan ganuwar Stirling zuwa kotun tambari: yadda ake neman asali a Sikotland

A watan Afrilun 1304 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kafa sansani a gindin dutsen Stirling, inda wata ganuwa take a kan tsauni, tana tsare hanyar da ta haɗa kudanci da arewacin Sikotland. Yawancin manyan ƙasar sun riga sun miƙa masa wuya. Waɗanda suka rage su ne 'yan tsirarun mayaƙa da ke cikin ganuwar, ƙarƙashin wani jarumi, Sir William Oliphant, wanda ya ce shi kam ba zai buɗe ƙofa ba.

Edward ya sa aka kawo injinan jifa fiye da goma. Har darma aka ɓamɓare daga rufin majami'u domin a ƙara musu nauyi. Wata uku ana ruwan duwatsu, ganuwa ba ta faɗi ba. Ana cikin haka kafintocinsa suna harhaɗa wani ƙaton inji da aka yi wa laƙabi da Warwolf, wato kyarkecin yaƙi.

Wanda ya taɓa ganin jigon ban ruwa a lambu zai gane yadda abin yake aiki. Dogon gungume ne a kan gatari, gefe guda gajere, ɗayan dogo. A gajeren ake rataya akwati cike da duwatsu ko darma, a dogon kuma majajjawa mai ɗauke da dutsen jifa. Sai a janyo dogon ƙasa da igiyoyi a ɗaure. Da an saki, nauyi ya faɗo, gungume ya ɗaga sama, dutse ya tafi.

Ga mai karatun tarihin Musulunci wannan ba baƙon abu ba ne, shi ne manjaniƙi. Littattafan sira sun ambaci amfani da wani nau'insa a kewayen Ɗa'ifa, kodayake na wancan zamanin mutane ne ke jan igiya da ƙarfinsu. Irin mai nauyin nan kuwa, ɗaya daga cikin bayanansa na farko yana cikin littafin da Mardi al-Tarsusi ya rubuta wa Salahuddin Ayyubi a ƙarni na 12.

Da na cikin ganuwa suka ga abin da ake haɗawa, ga kuma yunwa, sai suka nemi miƙa wuya. Edward ya ce a'a, su koma ciki tukuna, sai ya gwada injinsa. An gwada, sannan aka karɓi tubarsu a watan Yuli, aka tura Oliphant kurkukun Hasumiyar Landan. Shekara goma bayan haka, a 1314, a kusa da wannan ganuwar ne Robert Bruce ya fatattaki sojojin ɗan Edward a yaƙin Bannockburn.

To, ina ruwan wannan da neman asali? A nan ne tarkon yake. Masu suna William Oliphant biyu ne a cikin ganuwar nan, kuma 'yan uwan juna ne. Ɗaya shi ne shugaban masu tsaron, ɗayan kuma mai garin Aberdalgie, wanda ya rasu a 1329, kuma ta wurinsa zuriyar manyan gidan Oliphant ta biyo. An daɗe ana cakuɗa su a rubuce-rubuce. Ka ga ke nan, idan masana sun ruɗe a kan sanannun mutane biyu, ina ga wanda ya zauna da waya a hannu, ya ga sunan da ya yi kama da na kakansa, ya ce shi ke nan ya samo dangi?

Tambarin garkuwar gidan Oliphant jan fili ne da jinjirin wata uku farare. Musulmi zai iya gani ya ce ko suna da alaƙa da mu. Babu. Jinjirin wata tsohuwar alama ce a garkuwoyin Turawa, gidaje da dama suna da ita, kuma ba ta nuna addini.

Abin da ya bambanta Sikotland da ƙasashe da yawa shi ne, maganar tambari a can maganar shari'a ce. Akwai kotu sukutum a birnin Edinbura, Kotun Lord Lyon, wadda alƙalinta ke ba da tambari, yake kuma yanke hukunci idan an yi jayayya. A 2014 aka naɗa Joseph Morrow a kan muƙamin. Wata doka ta 1672 ce ta kafa rajistar da ake shigar da kowane tambari, kuma har gobe ana rubutu a cikinta. Kotun tana da nata mai gabatar da ƙara, wanda zai iya gurfanar da duk wanda ya yi amfani da tambarin da ba nasa ba.

Ƙa'idar kuwa ita ce, tambari na mutum ɗaya ne, ba na duk masu suna iri ɗaya ba. Magaji ne ke gadonsa. Ƙannensa sai sun nemi a yi musu rajistar nasu, a ɗan sauya launi ko a ƙara masa gefe. Talakan dangi abin da aka yarda ya maƙala shi ne alamar shugaban danginsu a cikin zanen ɗamara mai ƙugiya, wadda ke nuna biyayya gare shi. Don haka shagunan intanet da ke cewa turo sunan gidanku mu aiko maka da tambarinku, hoto kawai suke sayarwa. Haka ma masu tallan ɗan taƙin ƙasa da ko tabarma ba za ta shimfiɗu a kai ba, wai da ka saya ka zama mai sarauta. Kotun ta bayyana cewa irin wannan ciniki ba ya ba mutum damar neman tambari.

Hanyar gaskiya tana da wahala, amma a fili take. Mutum ya fara da kansa, ya koma ga ubansa, sannan kakansa, kowane mataki da takardar shaida. Sikotland ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a 1855. Kafin nan sai littattafan majami'u, waɗanda mafi tsufansu ya fara a 1553. Ana iya duba ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921. Duk waɗannan suna shafin ScotlandsPeople na hukumar adana takardun ƙasar: neman suna kyauta ne, ganin hoton takardar ne ake biya. Lura da wannan: tsakanin 1304 da 1553 akwai kusan shekara 250. Sai gidajen da suka mallaki ƙasa, suka bar takardun gado, ke iya tsallake wannan ramin. Duk wanda ya ce maka ya kai ka ga jaruman Stirling cikin dare ɗaya, ka riƙe aljihunka.

Maganar ba ta yi nisa da gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba. A Accra sunan Bannerman sananne ne. James Bannerman, wanda mahaifinsa ɗan asalin Sikotland ne, mahaifiyarsa kuma 'yar ƙasa, ya riƙe muƙamin muƙaddashin gwamnan Gold Coast a 1850, ɗansa Charles kuma ya kafa jaridar Accra Herald a 1857. Sunan kansa yana nufin mai ɗaukar tuta. Amma ko jikokin wannan gida, a dokar Edinbura, sai sun kawo hujjar nasaba kafin su taɓa tambarin shugaban dangin.

A wannan gaɓar dokarsu ta yi kusa da abin da malamanmu ke karantarwa, cewa haramun ne mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba. Mu a zango ba mu da rajistar 1855. Abin da muke da shi tsofaffi ne da suka san daga wane gari kakanni suka taso da fataucin goro, da wanda ya auri wa, da ma'anar zanen da ke fuskar kaka. Wayar da muke kallon tambarin Turawa da ita tana iya naɗar murya. A zauna da su yau, a tambaya, a rubuta sunaye da garuruwa, tun suna iya gyara mana idan mun haɗa Malam Audu biyu mun mai da su ɗaya.