Burodi da Mai Ciwon Ƙoda: Fari Ko Na Alkama?

Harshe ba ya jin gishirin burodi, shi ya sa ba a cika zarginsa ba. Amma a 2012 hukumar CDC ta Amurka ta sanya shi a sahun farko na abincin da Amurkawa ke kwasar sinadarin sodiyam daga gare shi, saboda kullum ana cinsa. Yanka ɗaya yakan ɗauki miligiram 100 zuwa 200, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai 2,000 a rana, wato gishiri giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ƙodar da ta gaji ba ta iya fitar da rarar, sai ruwa ya taru, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, jini ya hau.

An daɗe ana ce wa masu ciwon ƙoda su riƙe farin burodi, su bar na alkama mai dusa. Akwai dalili. Dusa da ƙwayar alkama ne ma'ajin fosforas da fotasiyam, kuma yankan burodin alkama yakan ninka na fari a duka biyun. Fosforas in ya taru a jini yakan zuƙe ƙarfin ƙashi, ya sandarar da jijiyoyin jini, ya kawo ƙaiƙayin da ke hana barci. Fotasiyam kuwa bugun zuciya yake rikitawa.

Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Fosforas na hatsi a ɗaure yake cikin sinadarin fayitet, wanda hanjin mutum ba ya iya warwarewa sosai, don haka ƙasa da rabinsa ke shiga jini. Wanda masana'antu ke zubawa a abincin leda, da irin wanda ke cikin hodar tashin kek, kusan duka jiki ke shanyewa. Saboda haka yanzu masana abinci sun fi tura majiyyaci ya juya ledar ya nemi duk kalmar da ke da haruffan "phos", ya kuma gwada gishirin wannan burodi da na wancan. Wanda gwajin jininsa ya fito lafiya lau ba lallai a raba shi da burodin alkama ba.

Wannan shawara ta fi sauƙi ga mai sayayya a babban kanti. A Gashuwa ko Haɗeja, inda ciwon ƙoda ya addabi jama'a, burodin teburin mai shayi sau da yawa ba ya zuwa da bayanin abin da aka cuɗa a ciki. Nan sai a koma ga rage yawa, a kuma dubi rakiyarsa: madarar gwangwani tana da fosforas, wainar ƙwai an barbaɗe ta da sinadarin ɗanɗano, bota ma da nata gishirin.

Gishirin da ake tallatawa don masu hawan jini shi ma tarko ne, domin da fotasiyam aka maye gurbin sodiyam ɗinsa. Mai zuwa wankin ƙoda kada ya taɓa shi sai likitansa ya duba sakamakon jininsa.