Yadda ake daidaita na'urar gano yoyon da ido ba ya gani

A ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Faransa da Suwizalan, cibiyar binciken kimiyya ta CERN tana da wani zobe mai tsawon kilomita 27, wanda aka zuƙe iskar da ke cikin bututunsa kusan ƙarƙaf.

Idan iska ta sami kafar shiga, komai ƙanƙantarta, ƙwayoyin zarrar da ake harbawa a ciki za su riƙa karo da ita, gwajin ya lalace. Shi ya sa neman yoyo ya zama babban aiki a irin waɗannan wurare.

Mai faci yakan tsoma tib a ruwa ya duba inda kumfa ke tasowa. Injiniyoyi kuwa iskar hiliyam suke amfani da ita, saboda ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ba ta kama wuta, kuma kashi 5 ne kacal cikin miliyan na iskar da ake shaƙa.

Sukan jona na'urar da bututun, su fesa hiliyam daga waje a kan mahaɗa da wuraren walda. Duk inda ya kutsa ciki, na'urar za ta tantance shi ta nauyin ƙwayoyinsa, ta nuna yawansa.

An ƙirƙiro wannan dabara ce a Amurka a shekarun 1940, lokacin shirin ƙera bam ɗin nukiliya, bisa aikin masanin kimiyya Alfred Nier. Na'urorin zamani mafi kaifi suna iya gano yoyon da zai ɗauki fiye da shekara dubu 100 kafin ya cika cokalin shayi.

To amma kaifin na'urar yana sauyawa, ko don tsufan wayar da ke cikinta, ko don datti, ko ragowar hiliyam da ya maƙale. Na'urar da ta kauce tana iya wanke bututu mai yoyo, ko kuma ta sa a wargaza lafiyayye.

Maganin wannan shi ne yoyo na ganganci. Wata 'yar tukunya ce cike da hiliyam, mai bangon gilashi siriri da iskar ke ratsawa a kan adadin da aka riga aka sani. Kamar yadda ake gwada sikeli da dutsen awo, haka ake jona ta da na'urar, a gyara lissafin har ya dace.

Ita ma tukunyar tana da sharuɗɗa. Ƙarin zafi na digiri ɗaya yana ƙara yoyon da kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, kuma hiliyam ɗin yana raguwa shekara bayan shekara.

Saboda haka ake mayar da ita ɗakin gwaji lokaci-lokaci, a kwatanta ta da ma'aunin hukumomin awo na ƙasa, irin su PTB ta Jamus da NIST ta Amurka.