Ƙarar kunne cikin dare ba shaidar iska ba ce

Idan kunnen mutum ya yi tsiii na ɗan lokaci ya daina, a wajenmu sai a ce wani ne ke ambatonsa, a yi murmushi a wuce. Amma idan ƙarar ta zauna wata da watanni, magana takan sauya: iska ce, ko an yi masa jifa. Masu faɗar haka iyayenmu ne da 'yan'uwa masu tausayi, kuma suna da hujja. Sukan ce: "In ciwo ne, me ya sa sai dare ya raba take tasowa? Wane irin ciwo ne mutum zai juya wuya ya ji ya canza murya?" Ban zo musun samuwar aljanu ba. Abin da nake cewa, cikin girmamawa, shi ne waɗannan alamu biyu suna daga cikin abin da likitocin kunne suka fi ganewa game da lalurar.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu, wajen dubu 15 a kowane ɓangare, masu miƙa sauti ga jijiyar ji. Ƙarar injin niƙa, janareto, lasifikar biki da tsufa suna kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Kwinin, asfirin mai yawa da allurar gentamicin su ma suna taɓa kunne. Idan saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai ta ƙara kasa kunne, har ta riƙa jin motsin jijiyoyinta a matsayin sauti.

Da rana hayaniyar kasuwa da babura ce ke danne wannan ƙara, kamar yadda hasken rana ke shanye na acibalbal. A 1953 wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun sa mutum 80 masu lafiyayyen ji a ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti biyar. Kashi 94 cikin ɗari sun ce sun ji ƙara. Ke nan kusan kowa na da ita, shiru ne ke fito da ita. Shi ya sa ranar da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, mai lalurar ke kwana yana juyi.

Batun wuya ya fi ɗaure wa mutane kai, shi ma kuma a fili yake. Jijiyoyin wuya da na muƙamuƙi suna haɗuwa da jijiyar ji a wata mahaɗa a gindin ƙwaƙwalwa. Don haka wajen biyu cikin uku na masu ƙarar kunne suna iya ƙara ta ko rage ta idan suka cije haƙora ko suka karkata kai. Dubi tela da ya wuni sunkuye a kan keke, ko ɗan dako da buhu ke danne masa wuya tun safe. In ya kwanta ya juya bisa matashi ya ji ƙarar ta yi sama, tsokar wuyansa ce da ta ɗaure take taɓa hanyar ji.

Abin da ya fi damuna da fassarar iska shi ne tsoron da take dasawa. Tun 1990 wani mai bincike, Pawel Jastreboff, ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa ba ta sakin sautin da ta ɗauka haɗari ne. Wanda aka ce masa ana bin sa, kullum sauraron ƙarar yake yi, barci ya ƙaurace, ita kuwa ta ƙara cika masa kai. Daga nan sai turare, sai ɗiga man tafarnuwa, sai sakace da tsinken ashana ko gashin kaza, wani ma ya toshe kunnen da auduga, ya jawo wa kansa shirun da ke ƙara ta. Addu'a ba ta hana neman magani, kuma natsuwar da take kawowa tana taimakawa ƙwarai.

Mai wannan lalura ya guji kwana cikin shiru tsit. Ya bar rediyo ƙasa-ƙasa, ko karatu a waya, daidai yadda ƙarar za ta gauraya da shi. Ya gyara matashi, ya riƙa miƙe wuya a wurin aiki, mai niƙa ya tanadi abin kare kunne. Da yawa, bayan watanni, sukan wuni ba su tuna da ita ba. Sai dai a fara da gwajin ji, domin wani dauɗar kunne ce kawai, wani kuma na'urar ji ce za ta sauƙaƙa masa. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano. Wanda kuwa ƙarar ke bugawa daidai da bugun zuciyarsa, ko take kunne ɗaya, ko ta zo da jiri, kada ya yi jinkiri. In ji ne ya ɗauke farat ɗaya, a tafi asibiti a ranar, domin maganinsa a kwanakin farko ya fi aiki.