Taiki da rumbu: zancen kile da sauran faifan ajiya na kwamfuta

Da wuya a shiga wani biro yau a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ba a tarar da ɗan ƙarfen nan na USB da ake kira kile ba. Wani ya rataya shi tare da makullan babur, wani ya jefa shi aljihun riga tare da goro, sakatare kuwa yana da uku ko huɗu cikin akwatin tebur, shi kansa bai tuna abin da ke cikin kowanne ba. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, kuɗinsa bai wuce ƴan jikkuna ba. Amma a cikinsa ake ɗaukar lissafin albashi, da jerin sunayen ƴan lakwal, da takardun filaye, da kundin da ɗalibi ya yi shekara biyu yana rubutawa a jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo. Abin da ya kai wannan matsayi ya cancanci a san halinsa.

Manomi ya san bambancin taiki da rumbu. Da taiki ake ɗauko hatsi daga gida a kai kasuwa, a rumbu ake adana shi har damina ta kewayo. Ba a taɓa jin magidanci mai hankali ya bar cimakar shekara cikin taiki a bayan jaki ba. To, kile taiki ne. An ƙera shi don ɗaukar aiki daga wannan kwamfuta zuwa waccan, jama'a da yawa kuwa sun maida shi rumbu, kuma daga nan ne yawancin asarar ke fitowa.

Zuriyar irin wannan faifai ta faro a 1971, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da wani faifai mai laushi, faɗinsa santimita 20, wanda ke ɗaukar abin da bai wuce shafi 40 na rubutun tafireta ba. A 1976 aka rage faɗinsa zuwa santimita 13. Daga baya kamfanin Sony na Japan ya kawo na santimita 9 mai kwanson roba, wanda tsofaffin ma'aikatan bariki suka sani da sunan disket, mai ɗaukar mega 1,44. Hoto guda na wayar hannu ta yanzu ba zai shiga cikinsa ba. Duk da haka ya bar gado. Dalilin da ya sa Windows ke kiran babban faifan cikin kwamfuta da harafin C shi ne an riga an ba masu karanta disket A da B. Ɗan hoton nan kuma da ake latsawa don ajiye aiki, surar disket ce, ko da yake yawancin matasan da ke latsa shi ba su taɓa riƙe disket a hannu ba.

Bayansa faifan CD ya zo da mega 700, DVD da jiga 4,7. Kile ya shigo kasuwa a shekara ta 2000, daga kamfanin Trek na Singafo da kuma M-Systems na Isra'ila, wanda IBM ya sayar da nasa. Na farko mega 8 ne. Yau na jiga 32 ko 64 ya zama gama-gari.

Duk wanda ya san yadda cikin kile yake ba zai ba shi amanar shekaru ba. Babu abin da ke juyawa a ciki. Dabarar, wadda injiniya Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980, ita ce a jera ƴan ƙananan ɗakuna biliyoyi a kan ɗan dutse guda, kowane ɗaki yana riƙe da ɗigon lantarki ko ba ya riƙe da shi, da haka ake rubuta harafi da lamba. Ɗigon nan kuwa yana tsatsafowa a hankali kamar ruwa a sabon tulu, zafi kuma yana ƙara masa sauri. A ƙasar da zafin watannin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kilen da aka manta a gaban mota ko a ɗaki mai rufin kwano ba ƙaramin wahala yake sha ba. Ban da wannan, kowane ɗaki yana da iyakar yawan rubutu da shafewar da zai iya jurewa kafin ya gaji. Kuma kile ba ya jinya. Jiya ya buɗe lafiya, yau kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

Ko faifan bai mutu ba, injin karanta shi yana iya rigansa tafiya. A 1998 kamfanin Apple ya fito da kwamfutar iMac ba tare da ƙofar disket ba, sauran kamfanoni suka bi sahu a hankali, a 2011 Sony ya daina yin disket ɗin ma. Gwamnatin Japan ba ta gama soke ƙa'idodi sama da 1000 da suka wajabta miƙa takardu a kan irin waɗannan faifai ba sai 2024. Ƙananan kwamfutocin da ake sayarwa yanzu galibi ba su da wurin saka CD. A sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar IRSH a Yamai, taskar da Boubou Hama ya fara tarawa, akwai takardun da suka haura shekara ɗari, mai ido da sani yana karanta su a yau. Disket ɗin da aka rubuta a 1995 kuwa sai an yi cigiyar na'urar da za ta buɗe shi.

Wannan ba ya nufin kile ba shi da alheri. Inda intanet ke da tsada ko ba ya isa, shi da ƙanensa katin memwa na wayar hannu ne ke aikin gidan waya. Da su malamin makaranta ke kai darasi ƙauye, da su ake loda wa'azi da waƙa da fim a kasuwanni. Waƙoƙin Mdou Moctar, mai kiɗan gita ɗan jahar Tawa, waɗanda ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ta katin memwa suka bi hannu zuwa hannu a faɗin Sahara kafin duniya ta san shi. Sai dai waƙa idan ta ɓace a kati ɗaya tana nan a kati dubu. Kundin ɗalibi da lissafin ma'aikata ba haka suke ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yin aiki kai tsaye a kan kile: a buɗe takarda daga cikinsa, a yi ta gyara awa uku, sai wuta ta ɗauke ko gwiwar wani ta bugi kilen. Abin da ya dace shi ne a kwafe takardar zuwa kwamfuta, a yi aikin can, in an gama a maida kwafi cikin kile. Haka nan batun zare shi. Kwamfuta takan nuna ta gama kwafi alhali ragowar bayanin yana hanya, shi ya sa aka tanadi umurnin fitarwa da ake latsawa kafin a zare. Tun fitowar Windows 10 ta ƙarshen 2018 an sauya tsarin yadda haɗarin ya ragu, amma tsofaffin kwamfutoci sun cika birorinmu, kuma fizge kile yana tsakiyar kwafi har yanzu yana iya lalata jadawalin da ke nuna inda kowace takarda take. Latsawar nan ba ta cin daƙiƙa biyar.

Idan jadawalin ya lalace, kwamfuta takan ce a wanke kilen, abin da ma'aikata ke kira formataj. Nan ne ya kamata a ja hannu. Takardun galibi suna nan, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace, kuma akwai manhajoji na kyauta irin su PhotoRec da Recuva da kan iya tsamo su muddin ba a rubuta wani sabon abu a kansu ba. Haka abin yake ga takardar da aka shafe bisa kuskure, domin abin da aka shafe a kile ba ya zuwa kwandon shara na Windows. Wannan yana da ɗaya fuskar: wanda ya yi wa kile wankin gaggawa ya ba wani aro, yana zaton ya share sirrinsa, bai share komi ba.

Wankin ma iri-iri ne. Tsarin FAT32, wanda yawancin ƙananan kile ke zuwa da shi, ba ya karɓar fim ko wani abu guda da ya kai jiga 4, ko da kilen fanko ne. Tsarin exFAT, wanda Microsoft ya fito da shi a 2006, ba shi da wannan iyaka, kuma Windows da Mac duka suna rubutu a kansa. Amma tsofaffin talabijin da rediyon mota sau da yawa FAT32 kaɗai suka sani.

A kasuwa akwai abu biyu da ake rikita su. Kilen da aka rubuta masa jiga 16 yakan nuna ƙasa da 15 a kwamfuta. Wannan ba cuta ba ce: masu ƙera shi suna ƙirga da 1000, Windows tana ƙirga da 1024. Cutar ita ce kilen jabu, wanda aka koya wa ƙarya ya ce shi jiga 128 ne alhali cikinsa 8 ne. Yana karɓar duk abin da aka zuba masa, yana nuna sunayen takardu daidai, sai ranar buɗewa a tarar da buhu babu hatsi. Araha ba ta ado. Sabon kile ana cika shi taf da abin da ba a buƙata, a zare, a maida, a buɗe na farko da na ƙarshe, kafin a ba shi abu mai daraja.

Sai cutar kwamfuta, wadda ake kira birus. Tun asali faifan yawo ne jakinta. Ta farko da ta bazu a kwamfutoci irin na IBM, mai suna Brain, wasu ƴan'uwa biyu ne suka rubuta ta a birnin Lahor na Pakistan a 1986, disket ya kai ta har Amurka. Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta ɓata injunan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, an shirya ta ne ta bi kile ta isa na'urorin da ba su haɗe da intanet. A wani gwaji da aka wallafa a 2016, masu bincike sun yar da kile 297 a harabar jami'ar Ilinoyi, kusan rabinsu aka tsince aka buɗe abin da ke ciki. A nan gida, wadda aka fi sani ita ce mai ɓoye takardu ta bar rakursi a madadinsu. Mahaɗarta ita ce kwamfutar shagon buga takardu, wadda kile hamsin ke shiga a yini ɗaya, kamar rijiyar da kowa ke jefa gugarsa. Wanda ya gan ta kada ya latsa rakursin, kada kuma ya wanke kilen don firgita. Takardunsa ɓoye su aka yi, in an kashe cutar aka umurci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun abubuwa za su fito. Dabara mai sauƙi ita ce a keɓe kile guda na zuwa shago, a zuba masa takardar da za a buga kaɗai.

Ɓacewa ita ce ta fi ciwo, domin asarar kan faɗa wa waɗanda ba su san an ɗauki sunansu ba. A watan Yunin 2022, wani ma'aikacin kamfanin kwangila a birnin Amagasaki na Japan ya tsaya shan giya bayan aiki, barci ya kwashe shi a titi, ya farka ba jakarsa. Kilen da ke ciki yana ɗauke da sunaye da adireshi da ranakun haihuwa na mutanen garin su kimanin 460.000. An tsinci jakar bayan ƴan kwanaki, kuma abin da ya rage wa hukuma kunya shi ne an kulle bayanan da kalmar sirri. Kulle kile ba shi da wuya: wasu nau'o'in Windows suna da BitLocker mai kulle kile tun 2009, VeraCrypt kuma kyauta ne. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, saboda haka jerin marasa lafiya ko na masu albashi da ke yawo a aljihu ba a kulle ba ya wuce zancen sakaci na mutum ɗaya.

Tsofaffi sun san rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekara ta ƙi. Ma'abuta ajiyar bayanai ma haka suke yi: kowane aiki mai muhimmanci ya kasance wuri uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a babban faifai na waje, ɗaya kuma nesa da ginin, ko a wani gida ko a ajiyar intanet, domin gobara da ɓarawo da ambaliya ba sa zaɓen abin da za su ɗauka cikin ɗaki. Ɗalibin da ba shi da kuɗin babban faifai yana iya aika wa kansa kundinsa ta imel kowace Juma'a. Ajiyar kuma ana leƙa ta lokaci lokaci, a buɗe a gani, a sauya mata sabon faifai bayan ƴan shekaru.

Inda gyara ya fi gaggawa shi ne ranar miƙa aiki. Idan aka canza wa ma'aikaci wuri daga Doso zuwa Difa, ana ƙirga kujeru da tebura da makullai, a sa hannu. Kilen da ya tara aikin shekara biyar ba ya cikin lissafin, don da kuɗin aljihunsa ya saye shi, ya kuwa tafi da shi. Magajinsa ya tarar da kwamfuta fanko da kabad cike da CD marasa suna, waɗanda ƙurar hunturu ta riga ta karce. Na'urorin karanta CD da disket masu haɗuwa ta USB har yanzu ana samun su, kuma kwashe abin da ke cikin kabad ɗin zuwa sabuwar ajiya aikin mako ɗaya ne ga sakatare guda.