Yadda ake zaɓen sandar fatsa don kamun giwan ruwa

Idan kana sana'ar su, ka san darajar giwan ruwa. Namansa fari ne, ƙayarsa kaɗan ce, shi ya sa yake da tsada a kasuwannin Yamai da Gaya da Maraɗi. A ƙasarmu Nijar ana samun sa a kogin Isa, wanda ya ratsa ƙasar tsawon kilomita 550, da kuma tafkin Cadi. Masunta da yawa suna kama shi da taru ko da mamari, wasu kuma da sandar fatsa mai abin naɗe zare. Wannan sanda kuɗi ne masu yawa. Wanda ya sayi marar kyau zai yi asara biyu: kifi ya tafi, sanda ta karye.

Wane irin kifi ne giwan ruwa?

Kifi ne mai cin ƴan'uwansa kifaye. Yakan laɓe a gurbi mai zurfi, kusa da duwatsu ko itatuwan da suka nutse. Mafi girmansa yakan kai mita 2, nauyinsa ya kusa kilo 200, amma waɗanda aka saba kamawa ba su kai haka ba ko kusa. Idan ƙugiya ta kama shi, sai ya ja da ƙarfi zuwa cikin duwatsu, ko ya yi tsalle yana girgiza kai. Murfin kunnensa yana da kaifi, yana iya yanke zare. Saboda haka kana bukatar sanda mai ƙarfi a gindi, mai lanƙwasawa a kai.

Da me aka yi sandar?

Iri biyu ne suka fi yawa. Ta fiba tana da ɗan nauyi, amma tana jure wahala, kuma ta fi araha. Ta kabon ba ta da nauyi, ta fi tsada, kuma idan ta bugu da dutse ko bakin jirgi takan tsage daga ciki, ta karye ranar da babban kifi ya ja. Ga mai aiki kullum cikin kwalekwale, ta fiba ta fi dacewa. Ka sani kuma kabon yana ɗaukar wutar lantarki. Kada ka ɗaga irin wannan sanda lokacin tsawa, ko ƙarƙashin wayar wuta.

Karanta lambobin da ke jikinta

A nan ne karatunka zai yi maka rana. Sama da mariƙi akwai rubutu ƙanana guda uku:

1. Tsawo. Idan an rubuta 2,40 m, ana nufin mita 2 da santimita 40. Cikin jirgi, mita 2 zuwa 2,40 ya isa. Daga bakin gaɓa, 2,70 ta fi jifa nesa.

2. Nauyin abin jifa. Idan ka ga 40-100 g, sandar tana jefa abin da ya kai giram 40 zuwa 100, wato darma da ƙaramin kifin da ka sa wa ƙugiya, ko kifin roba. Idan ka wuce wannan nauyi, kan sandar zai iya karyewa.

3. Ƙarfin zare. Wani lokaci ana rubuta shi da kg, wato kilo, wani lokaci da lb. Lb ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne. Ke nan 50 lb ya kusa kilo 23.

Akwai sanduna masu kauri da aka rubuta wa giram 150 ko 200. An yi su ne don wani kifin teku mai suna GT, wanda ake kamawa a tekun Indiya, wajen Oman da tsibiran Seshel, kuma yakan kai kilo 80. Suna da tsada ƙwarai, suna gajiyar da kafaɗa. Aikin kogi bai bukace su ba.

Gwada ta kafin ka biya

Ko sabuwa ce ko ta hannu, kada kunyar mai kanti ta hana ka dubawa.

Ka fara da zobban da zare ke bi. Ka zura ɗan auduga cikin kowane zobe. Idan audugar ta maƙale, zoben ya tsage, kuma zai riƙa cin zarenka har ya tsinke. Ka duba ko akwai tsatsa, ko wani zobe yana motsi.

Sannan ka haɗa gaɓoɓin sandar, ka girgiza ta. Idan ka ji ƙara a mahaɗi, ta yi sako-sako. Ka ɗaura abin naɗe zare a mazauninsa, ka tabbata ya zauna daram.

Daga nan ka zura zare cikin zobban, wani ya riƙe bakinsa, kai kuma ka ɗaga a hankali. Sanda ta ƙwarai tana lanƙwasawa daga kai zuwa tsakiya, gindinta yana nan da ƙarfi. Mariƙin ya zama dogo, yadda za ka tokare shi a ƙugu.

Sanda ita kaɗai ba ta kama kifi

Abin naɗe zare yana da birki mai sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi. Ka daidaita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren. Misali, zare mai kilo 20, birki kilo 5. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka zuba lita 5 a bokiti, ka ɗaura zaren kai tsaye ba ta cikin zobba ba, ka ɗaga. Idan zaren ya fara fita a hankali, birki ya yi daidai. A bakin zaren ka ƙara mita ɗaya na zare mai kauri saboda kaifin kunnen kifin. Lokacin ja, kada ka miƙe sandar tsaye sama, domin a nan ne take karyewa.

Kula da gobe

Dokar kamun kifi ta hana su da guba ko nakiya. Ka je wurin ma'aikatan ruwa da gandun daji na yankinku, ka nemi takardar izini, ka tambayi ƙa'idojin da ake aiki da su. Macen giwan ruwa ba ta fara yin ƙwai sai ta kai wajen santimita 60 ko fiye. Idan ka kama ƙarami, ka mayar da shi ruwa.

Araha ba ta ado. Idan kuɗinka bai kai ba, ku haɗa kai cikin ƙungiyarku ta masunta ku sayi mai kyau guda ɗaya, ku riƙa karɓa-karɓa. Bayan aiki a wanke ta, a shanya a inuwa, a ajiye ta nesa da ƙafar mutane.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Me 2,70 m yake nufi?
2. Zare mai 40 lb, kilo nawa ne kusan?
3. Don me ake gwada zobba da auduga?