Ƙarar da UPS ke yi kafin ta mutu: gargaɗin da bai kamata a kashe ba

A watan Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewacin Najeriya sun shafe sama da mako guda babu wutar lantarki, bayan matsalar da manyan layukan da ke kawo wuta yankin suka samu. A irin wannan yanayi, asibitoci da bankuna da ɗakunan gwaje-gwaje kan koma kan janareta da inbata da na'urar UPS.

Sai dai batir yana da iyaka. Abin da ke sanar da mutum cewa iyakar ta kusa shi ne wata 'yar ƙara da na'urar ke yi, wadda mutane da yawa ke ɗauka damuwa ce kawai, har su danna maɓallin kashe ta.

Me ƙarar ke cewa?

Aikin UPS shi ne riƙe kayan aiki daga lokacin da aka ɗauke wuta zuwa lokacin da janareta zai tashi, ko a kashe kayan cikin tsari. Ba a yi ta don ta maye gurbin janareta ba.

Ƙarar tata kala-kala ce. A yawancin ƙananan UPS na kamfanin APC, ƙara huɗu a duk daƙiƙa 30 na nufin wuta ta ɗauke, batir ne ke aiki. Idan ƙarar ta koma ba ƙaƙƙautawa, to batir ya kusa ƙarewa, kuma abin da ya rage bai wuce kimanin minti biyu ba. Akwai kuma ƙarar da ke nuna an ɗora wa na'urar kaya fiye da ƙarfinta, da wadda ke nuna batir ya tsufa.

Inbata ma haka take. Batir mai ƙarfin bolt 12 idan ya sauka zuwa kusan 10.5, yawancin inbatoci kan yanke wuta da kansu, domin zuƙe shi ƙarƙaf yana lalata shi. Ƙarar kan fara kafin a kai nan.

Minti biyu a asibiti

Ga mai kwamfuta a ofis, minti biyu sun isa ya adana aikinsa. Ga jaririn da ke cikin kwalba, ko majinyacin da ke kan na'urar numfashi, minti biyun su ne tazarar tayar da janareta ko jawo tukunyar oksijin. Ga firjin rigakafi, wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, ƙarar ce ke ba ma'aikaci damar kwashe alluran zuwa akwatin ƙanƙara.

Shi ya sa ƙa'idar asibitoci a Amurka ta tanadi cewa wutar gaggawa ta kama aiki cikin daƙiƙa 10.

Zafi na cin batir

Ana auna ƙarkon batirin dalma ne a zafin digiri 25, kuma yakan yi shekara 3 zuwa 5. Duk ƙarin kusan digiri 10 na rage rabin wannan ƙarko. A Sakkwato da Maiduguri da Kano, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, batirin da ke cikin ɗaki marar iska na iya gajiya tun kafin lokacinsa. Tsohon batir kan nuna ya cika, amma da an ɗora masa kaya sai ya faɗi nan take, gargaɗin ma bai ba da sararin yin komai ba.

Kunnen da ya saba

Inda ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, kunne kan saba da ƙarar har ya daina jin ta. Matsalar ba ta nan kaɗai ba ce. A 2013, hukumar Joint Commission mai tantance asibitocin Amurka ta ce daga Janairun 2009 zuwa Yunin 2012 ta samu rahoton matsaloli 98 masu alaƙa da ƙararrawar na'urorin asibiti, kuma 80 daga ciki sun ƙare da mutuwa. Daga cikin dalilan akwai kashe ƙarar da rage sautinta.

Abin da ya kamata a yi

A rubuta ma'anar kowace ƙara a manna a jikin na'urar, yadda ma'aikacin dare zai gani. Idan UPS na cikin ɗakin da ake kullewa, a jawo ƙararrawar zuwa inda ma'aikata ke zama.

A riƙa gwada batir da kayan da yake ɗauka, a auna mintin da ya yi, a rubuta. Kada a haɗa firinta mai zafi ko hita a kan UPS ɗin da ke riƙe da muhimman kaya.

Kwamfutoci kuwa ana iya haɗa su da UPS ta wayar USB, manhaja irin PowerChute ta kashe su cikin tsari ko da babu kowa a wurin.

Sannan a tsayar da wanda zai tayar da janareta a kowane zubin aiki, a kuma tabbata akwai mai a cikinsa tun kafin ƙarar ta fara.