Tsohuwar fiyano daga Sabha: abin da ya kamata mai saye ya duba kafin ya biya kuɗi

Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke kudancin Libiya, zango ne ga dubban 'yan Nijar da Najeriya masu zuwa ci-rani. Mai komowa gida ta hanyar Gatrun da Dirku zuwa Agadas yakan haɗo kayan da zai yi sana'a da su. Ga makaɗi, tsohuwar fiyano mai aiki da lantarki, wadda Larabawa ke kira "org", jari ce ta kiɗan biki da sutudiyo. Sai dai wanda ya keta hamada na kwanaki ba shi da halin mayar da kaya idan ya iske aibi. Dole a gama bincike tun a gaban mai sayarwa.

Tsufa ba aibi ba ne

Tarihin kiɗan yankin ya nuna cewa tsohuwar na'ura na iya yin abin a zo a gani. A 1974 Mamman Sani, wanda ke aiki da UNESCO a lokacin, ya sayi wata fiyano ƙirar Orla ta Italiya daga hannun wani wakilin Ruwanda. Kiɗan da ya yi da ita ya daɗe yana tashi a rediyo da talabijin na Nijar, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi ga duniya. Hama, wani makaɗi a Yamai, da Yamaha PSR-64 ya yi suna kafin faifansa Torodi ya fito a 2015. A Kano ma, jerin Yamaha PSR ne ya haifar da abin da ake kira kiɗan fiyano a finafinan Hausa tun ƙarshen shekarun 1990.

Abin da ya fi kashe waɗannan na'urori a ƙasashen Sahara ba yawan shekaru ba ne. Abubuwa uku ne: wutar da ba ta dace ba, ƙura, da zafi.

Wuta

Yawancin ƙananan fiyano na aiki da adafta, kuma a nan ake yawan yin asara. Da yawa daga cikin ƙananan Yamaha PSR na shan bolt 12, alamar + na tsakiyar bakin wayar. Tsofaffin Casio masu adaftar AD-5 kuwa bolt 9 suke sha, kuma alamar − ce a tsakiya. Bakin wata adafta na iya shiga ramin da ba nata ba, amma ta ƙona na'urar nan take. Zanen da ke nuna wannan yana jikin fiyanon, kusa da ramin wuta.

Haka kuma, wutar Libiya da Nijar da Najeriya na kai bolt 220 zuwa 240, alhali kayan da aka ƙera don Amurka na shan 120, na Japan kuma 100. A karanta abin da aka rubuta a jikin adafta kafin a jona. Mai aiki da janareta a wurin biki yana bukatar na'urar daidaita wuta. A buɗe gidan batir ma: farin gari ko tsatsa alama ce ta batir da ya fashe, kuma ruwansa na cinye layukan allon ciki.

Ƙura

Iskar gibli a Libiya da hunturu a ƙasar Hausa na cusa ƙura ko'ina. Ƙarƙashin madannai akwai wata roba mai ɗigon baƙin gawayi da ke taɓa allo idan an danna. A fiyanon da ke jin ƙarfin yatsa, kowane madanni na da ɗigo biyu, kuma na'urar na auna tazarar lokacin da ke tsakanin taɓawarsu. Idan ƙura ta rufe ɗaya, madannin zai yi shiru, ko ya riƙa fita da ƙara mai ƙarfi ko da an taɓa shi a hankali. Wannan ƙaramin gyara ne: a cire robar, a goge ta da allon da auduga da alkohol na goge kayan lantarki.

Saboda haka mai saye ya danna madannai 61 ɗin ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Idan madanni ɗaya ko biyu ne suka mutu nan da can, galibi ƙura ce. Idan kuwa sun mutu a jere, ko a kan tsari kamar kowane na takwas, matsalar ta fi zurfi: wayar da ke haɗa alluna ce ta saki, ko wani layi ya yanke.

Zafi

A lokacin bazara zafin Sabha kan wuce digiri 40. Ma'aunin da masu gyara ke bi shi ne, duk ƙarin digiri 10 na rage rabin rayuwar kapasita mai ruwa a ciki. Idan ta bushe, sai a ji gurnani a lasifika, ko na'urar ta riƙa mutuwa da kanta. Shi ya sa gwajin minti biyu ba ya isa. A bar ta kunne kamar rabin awa, a saurara ta lasifika da kuma abin sawa a kunne. Mai gyaran rediyo da ya ƙware na iya sauya kapasita.

Kuskuren da ke kama da lalacewa

Fiyano da yawa a kasuwannin Larabawa an ƙera su ne don kiɗan gabas, kamar PSR-A1000 da PSR-OR700. Suna da wasu maɓallai da ke sauke sauti da rubu'i domin salon Rast ko Bayati. Idan an bar su a kunne, Mi ko Si za su fito a karkace, wanda bai sani ba ya ɗauka na'urar ta lalace. Kashe maɓallan kawai ke gyara ta.

Wasu kuma, kamar Yamaha DX7 ta 1983, na ajiye sautukansu ne da taimakon ƙaramin batir da aka liƙa a allo. Idan ya mutu, sautukan su ɓace, amma sauya shi ba tsada.

Sabunta tsohuwa

PSR-730 da PSR-2000 na amfani da faifan filofi, wanda yanzu ya yi wuyar samu. Akwai na'ura irin ta Gotek da ake sawa a gurbinsa don a yi aiki da filashi. Fiyanon da ke da ramin MIDI, tsarin da aka fara a 1983, na iya haɗuwa da kwamfuta ta buga sababbin sautuka, ko da nata sun tsufa.

Abin da za a guje wa shi ne fiyanon da ba ta kunnuwa sam, ko wadda babban guntun sautinta ya ƙone, domin ba a samun madadinsa sai an fasa wata irinta. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a jona wuta a gwada, gara a haƙura. Wadda ta ci jarrabawa kuma, a cire mata batir, a naɗe ta da leda da bargo kafin ta hau mota zuwa Agadas.